Inda Ya Kamata Gudummawar Unguwa Ta Dosa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da shugabannin ƙungiyoyin unguwa, da kwamitocin masallatai, da zumuntar mata ta majami'u, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwa masu ware wani abu daga adashensu, wato duk masu tara kuɗin jama'a da niyyar taimako. Ni ma'aji ne na wata ƙaramar ƙungiyar unguwa a Kano, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 masu neman taimako suka ninka, alhali abin da ke shigowa asusu bai ƙaru ba. Saboda haka tambayar da ta fi ɗaukar mana lokaci a duk zama ita ce, idan an tara ɗan abin da ya samu, ina za a kai shi ya yi amfani?

Abin da yawancinmu muka saba shi ne a sayi buhunan shinkafa, a ƙulla a leda, a tara jama'a a ƙofar gidan mai unguwa, a raba, a ɗauki hoto. Ciyar da mayunwaci aiki ne mai lada, kuma ba ni da bakin kushe shi. Sai dai ƙullin yakan ƙare cikin kwana biyu, sannan taron kansa ya zama abin tsoro a wannan zamani na yunwa. A watan Maris na 2024 mata da yara sun mutu a turmutsutsin karɓar sadaka a Bauchi, a watan Disambar shekarar kuma yara 35 suka rasu a irin wannan cunkoso a Ibadan, kafin a sake samun makamancinsa a Okija da Abuja cikin mako guda. Ra'ayina shi ne, kuɗin ƙungiya ƙarama sun fi yin tasiri a wurin da wasu suka riga suka ɗauki babban nauyin aikin, aka bar wani ɗan giɓi wanda shi ke hana talaka cin moriyarsa. Irin waɗannan wurare nake so in nuna wa 'yan uwa.

Na farko, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai, shi ne sha'anin mata masu yoyon fitsari. Wannan larura galibi doguwar naƙuda ce ke jawo ta, inda kan jariri ke tokare mafitsara tsawon kwanaki har naman wurin ya mutu ya huje, kuma sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai. Maganinta tiyata ce, kuma Allah ya sa muna da wuraren yin ta a Arewa. Akwai asibitin Babbar Ruga a Katsina, wanda a da na kutare ne, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki a farkon shekarun 1980, ya yi wa dubban mata, ya kuma koyar da likitocinmu na gida. Akwai cibiyar Laure a cikin asibitin Murtala na Kano, da cibiyar tarayya da ke Ningi a jihar Bauchi, da sashen da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa a asibitin Jahun tun 2008. 'Yan uwanmu na Nijar kuma suna da cibiyar Danja kusa da Maraɗi. An tsara aikin a waɗannan wurare domin talaka, ba a jiran sai ta zo da kuɗin tiyata. Amma matar da ke zaune a wani ƙauye na Birnin Magaji ko Gwaram, wadda miji ya sake ta, aka ware mata kwano da tabarma a ƙuryar gida, ba ta da kuɗin motar da za ta kai ta, ba ta da na mai rakiyarta, kuma wataƙila ba ta taɓa jin cewa ana warkewa ba. Ko da wata cibiya tana mayar wa mara lafiya kuɗin motarta, sai ta fara isa can tukuna.

Na ga wannan da idona a kan wata baiwar Allah da ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin tafiyarta. Tun daren da za ta tashi ta daina shan ruwa don kada ta jiƙa kujerar mota, ta naɗe tsummokara cikin zane, ta shimfiɗa leda a inda za ta zauna, ta kuma roƙi direba ya bar ta a bakin ƙofa saboda kada fasinjoji su ji wari. Duk abin da muka kashe bai wuce kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa ba, da abincin mahaifiyarta wadda ta yi jinyarta na kusan mako biyu da aka bar mata robar fitsari, da sabulu da turmin atamfa guda. Bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. Shawarata ga kowace ƙungiya ita ce ta buɗe asusun kuɗin mota da jinya, ta sanar da ungozomomi da malaman asibitin sha-ka-tafi na ƙauyukan da ke kewaye cewa asusun yana nan, domin su ne suka san gidajen da ake ɓoye waɗannan mata. Kada kuma a tsaya a ranar sallama. Likitoci sukan umarci macen da aka yi wa aiki ta huta na wasu watanni, kuma duk cikin da za ta samu nan gaba ta haihu a asibiti. Wadda ba ta da jari ko sana'a wuya ta iya kiyaye wannan sharaɗi, don haka keken ɗinki ko jarin ƙuli-ƙuli yana cikin maganin.

Asusun nan ɗaya zai iya ɗaukar yara masu cutar noma, wadda ke cin fuskar ƙananan yara, yawanci 'yan shekara biyu zuwa shida da tamowa ko ƙyanda ta raunana. Takan fara da kumburin dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci ta ci leɓe da hanci, kuma idan ba a yi magani ba kusan tara cikin goma na yaran ke mutuwa. Abin takaicin shi ne a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Tun 1999 akwai asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato, MSF kuma tana aiki da shi tun 2014, ana yi wa yara gyaran fuska kyauta. A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Duk da haka, yaron da ya rayu yakan buƙaci tiyata fiye da sau ɗaya, ma'ana uwarsa za ta yi ta zirga-zirga zuwa Sakkwato, ta bar gona da sauran yara a gida. A nan ne iyaye da dama ke karaya su daina komawa, kuma a nan ne ƙungiyar unguwa za ta iya riƙe hannunsu har aiki ya kammala.

Sai batun marayu, wanda kowa ke son ya sa hannu a cikinsa saboda hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai ɗaukar nauyin maraya a Aljanna. Kowace shekara a wuraren tafsirin azumi, musamman na ƙungiyar Izala, ana tara kuɗi masu yawa a ɗinka wa marayu kayan salla, kuma farin cikin da yaro ke yi ranar idi abu ne da ba a raina shi. Amma ina roƙon mu tuna cewa mafi yawan marayunmu ba a gidan marayu suke ba. Suna hannun iyayensu mata, ko kakanni, ko wani baffa da ke fama da nasa 'ya'yan, kuma abin da ke fitar da su daga makaranta ƙanana ne: kuɗin jarrabawa, da takalmi, da littattafai, da kuɗin tara na safe. Unguwar da ta ƙidaya marayunta gida-gida, ta rubuta ajin kowa da makarantarsa, ta riƙa biyan kuɗin kai tsaye ga makarantar tana karɓar rasit, tana kuma duba sakamakon yaron a ƙarshen zango, ta yi abin da zai bi shi har girmansa.

Wanda yake shakkar cewa ƙaramin farawa na iya zama wani abu ya dubi Barista Zannah Mustapha na Maiduguri. A 2007 ya buɗe makarantar Future Prowess da yara 36, yana ba su karatu da abinci da kayan makaranta kyauta. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke, sai ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, na jami'an tsaro da na fararen hula da na mayaƙan kansu, ya zaunar da su aji ɗaya, ya kuma haɗa iyayensu mata a ƙungiyar zawarawa domin su koyi sana'a. Amincin da ya samu daga wannan aiki yana cikin abin da ya ba shi damar shiga tsakani wajen sako wasu daga cikin 'yan matan Chibok, kuma a 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ban kawo sunansa don a ce kowa ya aika kuɗi Maiduguri ba, ko da yake makarantar ta cancanci hakan. Na kawo shi ne domin a kusan kowane gari akwai wani malami ko wata malama da ke riƙe da yara ashirin ko talatin a zaure ko a ɗakin haya, ba su da allon sanarwa, ba su da wanda zai yi musu talla a Facebook. Waɗannan ne ya kamata a nemo. Haka kuma rassan FOMWAN, ƙungiyar matan Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, suna gudanar da makarantu da ƙananan asibitoci a jihohi da dama, kuma reshen da ke kusa da kai ya fi sauƙin bibiya.

Masu cutar sikila ma suna da haƙƙi a kanmu. Ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta duk shekara a Najeriya, adadin da babu wata ƙasa da ta kai shi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasar suna ɗauke da ƙwayar gadonta ba tare da sun yi ciwo ba. Gidan da ke da mai sikila ya san tashin tsakar dare da neman ledar jini. Taimakon da ya fi dacewa a nan bai ma buƙatar kuɗi da yawa. Matasan unguwa su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta sunayensu da lambobinsu a littafi ɗaya da ke hannun sakatare, ta yadda idan aka kira daga asibiti ana buƙatar jini ga mai sikila, ko mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, za a san wanda za a tasa. Namiji lafiyayye yana iya bayar da jini duk bayan wata uku. Abin da asusu zai ɗauka shi ne kuɗin gwaji da na abin hawa, da sayen magungunan yau da kullum na yaran da iyayensu suka gaza, da biya wa marasa hali kuɗin gwajin jini kafin aure, tun da jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024.

Makarantun makafi da kurame, irin ta Tudun Maliki a Kano da ta makafi a Gindiri wadda aka kafa tun 1953, ba su cika samun baƙi ba sai an zo rabon abinci. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ɗalibi makaho yana rubutu zai fahimci abin da suka fi buƙata. Yakan sa takarda mai kauri cikin allon rubutu mai ramuka, ya riƙa huda ta da ɗan tsinke daga dama zuwa hagu, sannan ya juya ta ya shafa da yatsa ya karanta daga hagu zuwa dama. Idan takardar ta ƙare karatu ya tsaya, domin ta littafin rubutu ba ta riƙe tudun hudar. A tambayi shugaban makaranta abin da ya ƙare kafin a sayi komai.

Akwai kuma mutanen da ke zaune a gidajen gyaran hali, irin su Kurmawa da Goron Dutse, saboda kotu ta yanke musu tara ko biyan diyya kaɗan sun kasa. A watan Nuwamban 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 daga masu bayar da gudummawa ta biya wa fursunoni 4,068, wato idan aka raba bai kai naira dubu 150 ga kowane mutum ba, kuma da yawansu tararsu ta yi ƙasa da haka sosai. Ƙungiyar da ke da lauya a cikinta ta tura shi ya duba takardun, a tabbatar laifin ƙarami ne, a biya a kotu a karɓi shaida, a kuma ba wanda aka saka kuɗin motar komawa gida.

Game da ruwa, kafin a yi maganar haƙa sabuwar rijiyar burtsatse, a zagaya a ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu a unguwa saboda roba ko sandar ƙarfe da ta lalace, domin kuɗin sabuwa ɗaya zai tayar da matattu da yawa. Haka nan masu haƙar kabari da gyaran maƙabarta, waɗanda yawancinsu dattawa ne marasa albashi, suna buƙatar diga da shebur da fitila da wani abu na wata-wata.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da amana, kuma a nan ne tafiyar ƙungiyoyi da yawa ke lalacewa. Jama'a sun gaji da ganin hoton mara lafiya yana yawo a WhatsApp da lambar asusun wani mutum ɗaya, ba a san wanda ya karɓa ba, ba a san ranar da aka rufe ba. Kafin a ba kowace gidauniya kuɗin jama'a, a tura mutum biyu ko uku su je wurin ba tare da sanarwa ba, tun da gani ya kori ji. A tambaya ko tana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ko asusun bankinta da sunanta yake, ko mutum nawa ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Rashin rajista kaɗai bai isa a yi watsi da malamar da ke koyar da marayu a zaurenta ba, amma a irin wannan hali a sayi kayan a kai, ko a biya makaranta ko asibiti kai tsaye. Mu ma masu tarawa wannan ma'auni ya hau kanmu. A ƙungiyarmu, duk ƙarshen wata bayan sallar isha'i ake buɗe littafi a ƙofar masallaci, sakatare ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har zuwa kuɗin cajin banki, a ajiye rasit a kan tabarma ga duk mai son dubawa. Sunan wanda aka taimaka kuwa ba a karanta shi, kuma ba a ɗaukar hotonsa. Macen da ta sha wahalar ɓoye larurarta shekara da shekaru bai kamata a biya mata kuɗin mota da sharaɗin a nuna fuskarta ga duniya ba.

Wajibi ne kuma a raba asusun zakka da na sadaka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin zakka, kuma mafi yawan malamai suna ganin ba a gyara famfo ko katange maƙabarta da ita, alhali fakiri mara lafiya da wanda bashi ya yi wa katutu suna ciki. Idan aka cakuɗa, an jefa mai bayarwa cikin shakka game da farillarsa. Kwamitin da bai da malami a cikinsa ya nemi shawarar limamin unguwa ko hukumar zakka ta jiharsa.

Ta fuskar tarawa, na fi amincewa da kaɗan mai ɗorewa a kan gagarumar gidauniyar da ake ƙaddamarwa da manyan baƙi, a yi alƙawuran miliyoyi a lasifika, a shekara ana bin masu alƙawarin. Naira ɗari biyar daga gida ɗari duk wata ta zama naira dubu 600 a shekara, kuma ma'aji ya san abin da zai iya ɗaukar nauyinsa tun daga farko. A karkara ba sai an nemi kuɗi ba. Da kaka kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta gero ko dawa, a zuba a rumbu guda a rufe sai tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya yi tsada kuma tamowa ke kama yara, kamar yadda ƙauyuka da yawa a Nijar ke yi da bankunan hatsinsu. Ƙungiyar da Allah ya buɗa mata kuma ta yi tunanin waƙafi, ko da shago ɗaya ne a kasuwa ko gona, wanda kuɗin hayarsa zai riƙa shiga asusun marayu ko na jinya bayan waɗanda suka kafa shi sun shuɗe. Hukumar zakka da waƙafi ta jihar Sakkwato ta daɗe tana wannan aiki, kuma za a iya koyon tsarin rubuta shi daga wurinta domin kada magada su zo su yi jayayya.

Malam Edita, roƙona na ƙarshe gare ka ne. Wakilanku suna shiga lungunan da mu ba ma isa. Ina ba da shawarar jaridar nan ta ware ɗan fili, ko da sau ɗaya ne a wata, inda wakili zai ziyarci wata ƙaramar makaranta ko ƙungiya ko sashen asibiti da kansa, ya rubuto abin da ya tarar, da abin da suka ce ya ƙare musu, da hanyar da za a same su, sannan bayan wata shida ya koma ya gaya mana abin da aka yi da taimakon da ya shiga. Kwamitoci irin namu za su yanke shafin su kai zaman wata su tattauna a kansa.

Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka, ya saka wa ma'aikatanta da alheri.

Naka,
Ma'ajin wata ƙungiyar unguwa,
Kano.